Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Sulhu Na Majalisar Ɗinkin Duniya Kan Jinin Masu Girki

Ranku ya daɗe, wakilan ƙasashe 15 da ke zaune a Kwamitin Sulhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Ni kuku ne. Shekara 22 ke nan ina aiki a kicin ɗin otal a Kano. Da wankin tukwane da ferar dankali na fara, yau ni ke riƙe da kicin, akwai yara a ƙarƙashina. Ba ni da ƙungiya mai rajista, ba kuma wanda ya kaɗa mini ƙuri'a. Amma ina magana ne da yawun 'yan sana'ata: kukun otal, da mai tuwo-tuwo a bakin tasha, da mai shayi, da matan da ake ɗauka girkin biki da na suna, da duk wanda abincinsa yake cikin ciyar da wani. Na san abin da muke faɗa in mun zauna bayan an kashe murhu, shi ne na ga ya dace ya iso gare ku.

A daren 1 ga Afrilun 2024, cikin goman ƙarshe na watan azumi, motoci uku na World Central Kitchen, ƙungiyar da ke dafa wa mutane abinci inda yaƙi ko bala'i ya auku, suka fito daga wani rumbun ajiya a Deir al-Balah, a tsakiyar Zirin Gaza, bayan sun sauke abinci sama da tan 100. Jirgin sojan Isra'ila marar matuƙi ya harbi motar farko. Waɗanda suka rayu suka koma ta biyu, aka harbe ta. Suka kwashi masu rauni zuwa ta uku, ita ma aka harbe ta. Mutum bakwai ne a ciki, babu wanda ya fita da rai: Saifeddin Abutaha, Bafalasɗine mai shekara 25, Zomi Frankcom 'yar Ostareliya, Damian Soból ɗan Polan, Jacob Flickinger ɗan Amurka da Kanada, sai 'yan Birtaniya uku, John Chapman da James Henderson da James Kirby. Washegari duniya ta ga hoton rufin motar, makami ya huda ta daidai kan tambarin ƙungiyar. Tambarin nan hoton kaskon suya ne. Na daɗe ina kallon hoton a wayata, a tsaye a gaban nawa kaskon.

Sunan mai wannan ƙungiya, José Andrés, ba baƙo ba ne a kunnenku. Ba mamaki wasunku sun taɓa zama a teburinsa, tunda yana da gidajen abinci a New York ɗin da kuke taro. Duk da haka ku yi mini haƙuri in ba da tarihinsa, domin hujjata a cikinsa take.

An haife shi a 1969 a garin Mieres da ke arewacin Sifaniya, ya tashi a yankin Barcelona, garin da samarinmu suka fi sani ta wajen ƙwallo. Iyayensa ma'aikatan jinya ne. Yana da shekara 15 ya shiga makarantar koyon girki. Da lokacin aikin soja ya zo, rundunar ruwa ta sa shi girki. Daga 1988 zuwa 1990 ya yi aiki a gidan abincin elBulli, ƙarƙashin Ferran Adrià, wanda daga baya aka riƙa kira gwanin gwanayen masu girki na zamaninsa. Rabuwarsu ba ta yi daɗi ba, korarsa aka yi. Ya sauka New York yana da shekara 21, dala 50 kacal a aljihunsa. Duk wanda maigida ya taɓa ce wa "ajiye mini wuƙata ka kama gabanka" ya san irin wannan dare.

Akwai labarin da yake yawan bayarwa, wanda ya sa na ji kamar a gida ɗaya muka tashi. Mahaifinsa yakan dafa shinkafar nan tasu ta Sifaniya a babban kasko, a waje, a kan itace, in an tara jama'a. Yaro yana so a bar shi ya taɓa girkin, uban kullum sai ya tura shi wajen wuta. Ranar da ya yi fushi, uban ya fahimtar da shi cewa wutar ita ce girkin, wanda ya iya sarrafa ta zai iya dafa duk abin da ya ga dama. Wanda ya koya mini sana'a bai taɓa jin sunan Sifaniya ba, amma sai da na shekara guda ina hura gawayi kafin ya bar ni na riƙe ludayi.

A 1993 aka ba shi riƙon kicin ɗin Jaleo a birnin Washinton, inda ya saba wa Amurkawa da cin abinci irin na ƙasarsu, ƙananan faranti iri-iri a tsakiyar tebur kowa na sa hannu. Zaytinya da Oyamel suka biyo baya, da wani ɗan ƙaramin wuri mai suna minibar wanda ya samu taurari biyu na Michelin, wato lambar da kowane kuku a Turai da Amurka ke mafarkin samu. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 2013. Da ya tsaya a nan, da ya tara dukiya da suna, ba wanda zai ce ya gaza.

Sai dai tun farkon zuwansa Washinton yake zuwa aikin sa-kai a DC Central Kitchen, wurin da Robert Egger ya kafa a 1989, inda ake tattaro abincin da ya yi saura a gidajen abinci, a sake dafa shi don mabuƙata, a kuma koya wa marasa aiki da waɗanda suka fito daga kurkuku sana'ar girki. A can ya gane cewa hannun da ke yi wa attajiri girki zai iya yi wa dubu. Da girgizar ƙasa ta rushe Haiti a Janairun 2010, ya tafi, kuma a shekarar ce ya kafa World Central Kitchen. A wani sansani ya dafa baƙin wake yadda ya saba, sai matan wurin suka nuna masa cewa su ba haka suke ci ba, sai an dame shi an tace ya zama miya. Mutumin da manyan duniya ke layin cin abincinsa ya tsaya aka koya masa dafa wake. Tun daga ranar tsarin ƙungiyar ke nan: a nemi masu girkin garin, a sayi kaya a kasuwar garin in tana ci, a dafa abin da mutanen garin suka sani.

Na shaida gaskiyar wannan da idona. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, mu huɗu muka haɗa abin da ya sawwaƙa muka tafi, muka kafa murhu a harabar wata makaranta da mutane suka fake. Kwana uku muna zuba dafa-duka, muna jin mun yi abin kai. A rana ta huɗu wata tsohuwa ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya yi albarka, jikokina sun ƙoshi. Amma ni tun da ruwan nan ya zo ban ci abinci ba." Na duba kwanonta, ga shinkafa. Tuwo take nufi. Da yamma matan sansanin suka karɓe muciya daga hannunmu, mu muka koma ɗebo ruwa da faskare. Ranar ce na fara jin dariya a wurin.

Haka Andrés ya ci gaba. Bayan guguwar Maria a 2017, shi da masu girkin Puerto Rico suka raba abinci kusan kwano miliyan huɗu, a lokacin da manyan hukumomi ke ta zaman taro. A 2020 suka ciyar da mutanen da cutar korona ta tsare a cikin jiragen ruwa. Da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, cikin kwana guda suna kan iyakar Polan da miya mai zafi. Sun je Turkiyya da Siriya da Maroko bayan girgizar ƙasa a 2023. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe mutum kusan 1,200, sun ciyar da Isra'ilawan da suka bar gidajensu, kamar yadda suka ciyar da mutanen Gaza. A Maris na 2024, da hanyoyin ƙasa suka toshe, suka ɗauko abinci tan 200 daga tsibirin Saifurus a jirgin ruwan Open Arms, suka gina wurin sauke kaya da ɓaraguzan gidajen da aka rushe. Kafin daren da na ambata, sun riga sun raba abinci sama da kwano miliyan 40 a Gaza.

Ga dalilin da ya sa na jero duk wannan. Mutumin nan ya karɓi lambar yabo daga hannun shugabannin Amurka biyu, Obama da Biden. Sifaniya ta ba shi lambar Gimbiyar Asturias a 2021, a shekarar kuma Jeff Bezos ya ba shi kyautar dala miliyan 100 don aikin alheri. A lokacin harin, in ya ɗaga waya, fadar shugaban Amurka tana amsawa. A duk masu riƙe ludayi a bayan ƙasa babu wanda ya fi shi uwa a gindin murhu. To in har wannan bai iya tsare yaransa ba, bai kuma samu binciken da ya roƙa ba, ina labarin matar da ke tuƙa tuwon mutum ɗari biyar a wani lungu na Omdurman a Sudan, wadda ko unguwar gaba ba a san sunanta ba? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kokena na farko a kan bincike ne. Rundunar da ta yi harbin ita ta binciki kanta, cikin kwana huɗu ta fitar da sakamako. Ta ce babban kuskure ne, cewa dakarunta sun ga mai bindiga a kan wata motar kaya, sun ɗauka 'yan Hamas ne a cikin ƙananan motocin, kuma na'urar jirgin ba ta ganin tambari da dare. Ta sauke hafsoshi biyu daga muƙamansu, ta tsawatar wa uku. Firaminista Netanyahu ya ce irin wannan yana faruwa a yaƙi. Andrés ya ce bin su aka yi mota bayan mota, ƙungiyarsa kuma ta nemi a kafa kwamitin bincike mai zaman kansa. Kwamitinku bai kafa ba. Ni ba alƙali ba ne, ban kuma ce na san abin da ke zuciyar wanda ya danna maɓallin ba. Amma a kicin ɗina, in nama ya ɓata a sito, ba mai riƙe da makullin sito nake sa wa ya bincika ba, ko da na yarda da shi. Ba don lallai shi ne ɓarawo ba, sai don sauran yara su yarda da abin da aka gano. Da aka ga rai bakwai sun tafi a kan sauke mutum biyu daga muƙami, kowa ya koyi darasin da ya koya. A ƙarshen Nuwamban 2024 wani hari ya sake kashe ma'aikatan ƙungiyar a Khan Younis. Isra'ila ta ce ɗaya daga cikinsu yana da hannu a harin 7 ga Oktoba, ƙungiyar ta ce ba ta da masaniyar haka, maganar ta tsaya a nan tunda babu na ukun da zai raba gardama. A Maris na 2025 aka kashe ma'aikatan ceto 15 a Rafah, aka tono gawawwakinsu daga cikin yashi tare da motocinsu. Majalisarku da kanta ta ƙidaya ma'aikatan agaji 383 da aka kashe a duniya a 2024, kusan rabinsu a Gaza.

Na biyu, tsarin sanar da sojoji hanya. Ƙa'idar da aka gindaya wa masu agaji ita ce su faɗa wa masu yaƙi inda za su bi, da lokacin, da irin motocin. Mutanen Andrés sun yi haka, rundunar Isra'ila ma ta amsa cewa an sanar da ita, sai dai bayanin bai isa ga masu harbin ba. Mu nan wannan uzuri ba sabo ba ne a kunnenmu. A ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan saman Najeriya ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, ya kashe mutane da dama, cikinsu har da ma'aikatan Red Cross shida da suka kai abinci. Da sojoji suka gama binciken kansu, sai suka ce ba a yi wa wurin alamar da ta dace a taswira ba. Na kawo wannan don kada a ce ƙasa ɗaya na sa a gaba. Ciwon iri ɗaya ne: mai agaji ya cika nasa sharaɗin, wanda ya karɓi saƙon bai isar ba, kuma babu sunan mutum ɗaya da za a kira a tambaya. Direban da zai ja motar abinci gobe yana sane da haka. Wasu sukan fasa. Bayan daren Deir al-Balah ƙungiyar ta dakatar da aiki kusan wata guda, jiragen ruwan da suka taso da abinci suka juya da sauran kayansu, wasu ƙungiyoyin ma suka ja baya.

Na uku ya shafe ku kai tsaye. Takardu ba su yi muku ƙaranci ba. A ranar 24 ga Mayun 2018 kun amince baki ɗaya da ƙuduri mai lamba 2417, wanda ya yi tir da mayar da yunwa makamin yaƙi. A ranar 25 ga Maris na 2024 kun zartar da 2728 kuna neman a tsagaita wuta a Gaza albarkacin azumi. Kwana bakwai bayan haka aka kashe mutanen nan. A ranar 24 ga Mayun 2024 kun zartar da 2730 kan kare ma'aikatan agaji. Kowanne ya yi daɗin karatu. Amma duk sa'ad da aka zo inda takarda za ta yi haƙori, sai wani ya hau kujerar na-ƙi. Amurka ta yi haka sau da dama a kan Gaza, ciki har da daftarin da Aljeriya ta kawo a Fabrairun 2024. Rasha ta yi haka a Nuwamban 2024 a kan daftarin Sudan da Birtaniya da Saliyo suka gabatar.

Bari in gaya muku yadda na-ƙi take kama in ta iso kicin. Daga 2 ga Maris na 2025 Isra'ila ta rufe shigar kaya Gaza gaba ɗaya. Masu girkin World Central Kitchen suka yi abin da kowane kuku ke yi in sito ya fara haske. Suka rage awo. Da shinkafa ta ƙare suka koma miya da burodi. Da makamashi ya ƙare suka koma ƙona katakon da ake ɗora kaya a kai da dusar zaitun. A haka suke fitar da sama da kwano 130,000 a rana, har zuwa 7 ga Mayu da suka sanar cewa babu sauran abin dafawa, alhali motocinsu cike da kaya suna jere a bakin iyaka. Ku da kuke lissafi da miliyoyi, ina so ku san yadda safiyar irin wannan rana take. Mutane ba sa jin sanarwa, ko sun ji ba sa yarda. Sukan zo da kwanukansu tun asuba su kama layi kamar kullum, yara a gaba. Dole wani ya fito ya ce musu yau babu. A Maiduguri sau ɗaya abincinmu ya ƙare saura mutum kamar arba'in a layi, aka ce ni babba ni zan faɗa. Na kankare ƙanzon tukunya na raba wa yara biyar, sauran na kasa kallon idonsu. Mu washegari mun samu buhu. Su a Gaza, a ranar 22 ga Agustan 2025 aka tabbatar a hukumance cewa yunwa mai kisa ta sauka a birnin Gaza da kewaye. Tsagaita wutar da aka samu a Oktoba ba ta tayar da waɗanda aka binne ba.

Na huɗu shi ya fi ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba, har mu da muka yi kuka a daren nan muna da laifi a ciki. Kafin 1 ga Afrilu an riga an kashe ma'aikatan agaji Falasɗinawa kusan 200 a wannan yaƙi, duniya ba ta girgiza ba sai da fasfo na Turai da Amurka da Ostareliya suka jiƙe da jini. An yi wa bakwai ɗin addu'a a babban cocin Washinton, sun kuma cancanta. Ostareliya ta naɗa tsohon babban hafsan sojanta ya duba lamarin 'yarta. Wace ƙasa ce za ta naɗa wani saboda Saifeddin?

Ku dubi Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, abin da ya riƙe ran jama'a a Khartoum da Omdurman da Darfur shi ne kicin ɗin unguwa da suke kira takaya, wanda matasa da mata 'yan sa-kai ke gudanarwa da kuɗin karo-karo da abin da 'yan'uwa ke aikowa daga waje. Wake da lentil da ɗan burodi, sau ɗaya a rana. Ba su da mota mai sulke, ba su da tambari a rufi. Duka ɓangarorin biyu, sojojin gwamnati da dakarun RSF da ke yaƙi da su, sun kama wasunsu bisa zargin leƙen asiri, an kashe wasu. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, sama da kicin 1,000 aka rufe. Kun zartar da ƙuduri mai lamba 2736 a Yunin 2024 kuna neman dakarun RSF su janye ƙawanyar da suka yi wa El Fasher. Ba su janye ba, sansanin Zamzam ya faɗa cikin yunwa, garin kuma ya faɗi a Oktoban 2025. Sudan ba nesa take da mu ba. Akwai Hausawa jikokin alhazan da suka bi hanyar Makka a ƙafa suka zauna a can, a Jazira da Sennar da Kassala. Wasu daga cikin masu riƙe kwano a layin takaya da harshen da na rubuta wannan takarda suke yi wa 'ya'yansu rarrashi.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku kafa tsayayyen kwamitin bincike wanda ba ya ƙarƙashin kowace runduna, da zai tashi da kansa duk lokacin da aka kashe ma'aikacin agaji, ba sai an jira amincewar wanda ake zargi ba, kuma a buga abin da ya gano kowa ya karanta. Ya fara da Deir al-Balah. Lokaci ya tafi, amma hotunan jirgin da muryoyin da aka naɗa a daren suna hannun wani. Iyalan mutum bakwai suna da haƙƙin su ji daga bakin da ba shi ya yi harbin ba.

Ku gyara tsarin sanarwa. In ƙungiya ta ba da hanyarta, a ba ta shaidar karɓa mai ɗauke da sunan hafsan da ya karɓa, ya zama shi za a tambaya in saƙo bai isa ba. In tambari ba ya ganuwa da dare, rundunar da ke iya gane fuskar mutum daga sama ba za ta rasa dabarar gane motar abinci ba. A yarda a kan alama guda a wajabta ta.

Ku biyar masu kujerar dindindin, Faransa da Meziko sun kawo shawara tun 2015 cewa a daina hawa kujerar na-ƙi a inda ake kisan gilla. In hakan ya yi muku nauyi gaba ɗaya, ku ɗauki ɗan yanki: duk daftarin da bai ƙunshi komai ba sai buɗe wa abinci hanya, ku bar shi ya wuce. Ku yi rigimarku a kan iyaka da makamai da wanda zai yi mulki, ku bar buhun gari ya shiga.

Ku wakilan Afirka uku, ku ne namu a ɗakin nan, don haka da ku zan fi sakin baki. Ƙuduri na 2730 ya ambaci ma'aikata 'yan ƙasa, amma matar takaya ba ma'aikaciyar kowa ba ce, ba ta da katin shaida. Ku nemi a faɗa a fili cewa kariyar ta haɗa da 'yan sa-kai na unguwa, a riƙa kawo muku rahoton waɗanda aka kashe da sunayensu, a karanta a zauren. Wanda aka tabbatar da laifinsa, gwamnati ce ko 'yan tawaye, ya biya iyalai diyya, ta ɗan ƙasa daidai da ta baƙo. Kuma kada ku ji nauyin ambaton Rann don ta gida ce.

Roƙon ƙarshe na kuku ne zalla, ban kuma taɓa jin an tsaya a kansa a zaurenku ba. In kuna lissafin agaji, motoci kuke ƙirgawa da tan-tan na gari da shinkafa. Gari ba abinci ba ne sai ya haɗu da ruwa da wuta. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ciyar da mutum wajen 300 a hannun wanda ya iya awo, amma yana buƙatar ruwa mai tsabta fiye da nauyinsa, da mai, da gishiri, da wutar da za ta ci awa biyu ba ta mutu ba. Inda babu iskar gas, mata robobi da tsummoki suke ƙonawa, hayaƙin yana shiga ƙirjin yaran da ake dafa wa. Don haka duk ƙudurin da za ku rubuta a kan shigar da abinci, ku sa iskar gas da man injin tace ruwa da manyan tukwane a cikin jerin, da sunayensu, yadda wani jami'i a bakin iyaka ba zai ce ba ya cikin takarda ba.

Na gode da sauraro. Allah Ya ba ku ikon yi.

Wassalam,
Wani kuku daga Kano, a madadin 'yan'uwansa masu girki.